Garba da Shirin Kamun Giwan Ruwa

Duk wanda ya zauna Tudun Wada ya san ƙarar nan da ke tashi daga ƙofar gidan Garba in an sallame Azahar ranar Laraba: ƙyas, ƙyas, ƙyas. Magagari ne ke bin bakin ƙugiya. Zai shimfiɗa buhu ya jera ƙugiyoyinsa daga babba zuwa ƙarama, ya wasa wannan, ya gwada ta a farce, ya girgiza kai, ya sake wasawa. Kamun kifin fa sai daren Asabar. Amma shiri tun Laraba!

Ni Labbo taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka abin da nake gaya masa yana raye shi zan faɗa yau. Mu mutanen Kekun Waje ne, manoma gaba da baya. Kaf zuriyarmu ba a taɓa yin masunci ba. Garba masinjan kotu ne. Da ya yi ritaya, wata rana ya ga an fito da giwan ruwa daga dam ɗin Gusau, kifi ya kusa kai ɗan maraƙi, kuma aka ce masa da dare yake matsowa gaɓa farauta. Shi ke nan, daga ranar muka rasa Garba. In na yi masa magana kan komai, amsa ɗaya ce: "Labbo, giwan ruwa ya hi ku hankali."

Dokarsa ta farko, ba ya taɓa sabulu daga Laraba har Lahadi, wai kifin yana jin ƙamshinsa tun daga gaɓa. Ba wanka kaɗai ba, har tufafin. Yana kuma murza daddawa a tafin hannu don ta kashe warin ɗan Adam. Ta kuwa kashe, ta kawo nata. Matarsa Kulu ta jure wata biyu, sannan ta ɗauko tabarmarsa ta kai zaure. A masallacin unguwa sahu ya riƙa yin giɓi dama da hagunsa. Wata Juma'a bayan Asuba liman ya ja shi gefe cikin ladabi.

"Malam Garba, tsabta fa tana cikin addini."

"Na sani, Malam. Alwalata ba ta taɓa tawaya ba."

"Ba alwalarka ake kuka da ita ba. Jama'a ne ba sa iya sujada kusa da kai."

Garba ya ce, "To su yi haƙuri zuwa Lahadi. Su kwana huɗu za su yi, ni shekara nawa nike jiran kihin nan?"

Sai maganar abin da ake maƙala wa ƙugiya. Garba ya ce giwan ruwa ba ya cin matacce, sai ƙaramin kifi mai rai. Don haka ranar Alhamis yakan samo 'yan karfasa, ya ajiye su cikin ruwa mai sanyi. Ruwan da ya fi ko'ina sanyi a gidan kuwa, randar zaure ce. Ranar nan manyan mutane suka zo daga Tsafe neman auren 'yarsa Hauwa, yarinya malamar asibiti, ita da yaron sun daɗe suna son juna. Ina zaune a wurin. Baffan yaron, dattijo mai farin gemu, ya ce ƙishi yake ji, ya miƙa hannu ya ɗebo da moɗa. Ya kai baki ke nan, wani abu ya fantsama masa ruwa a gemu. Ya saki salati, moɗa ta faɗi, kifi yana wutsil-wutsil a kan tabarma.

Kun zaci Garba zai ba da haƙuri? Tsalle ya yi ya tallabe kifin da hannu biyu.

"Alhaji, a hankali! Wanga shi na babban cikinsu!"

Dattijon ya goge gemu, ya dubi 'yan'uwansa, ya ce za su je su yi shawara. Hauwa ta kwana uku tana kuka. Ni na hau mota har Tsafe na rantse musu cewa abin ba ya bin jini. Da ƙyar aka ɗaura auren nan. Har yau in surukan sun zo Gusau, da ruwan ledarsu suke zuwa.

Tocila kuwa yana da ita, amma ba ya kunnawa, wai haske yana korar kifi. Ni na san batir yake tausayi. Don ya saba da duhu, sai ya ɗaure idonsa da rawani da rana tsaka, ya zauna yana koyon ƙulla zare a ƙugiya, ya tashi yana zagaya tsakar gida da gorarsa, yana wurga zare. Kulu ta ce cikin shekara guda ya kama zanenta sau uku, faifai sau biyu, da kunnen akuya.

Sau ɗaya na bi shi, kuma ban ƙara ba. Ya ce akwai wani gurbi mai zurfi a gulbin Bungudu. Lokacin an fara zaman ɗar-ɗar saboda 'yan bindiga, kowane ƙauye da 'yan sintirinsa. Na ce mu sanar da su za mu shiga. Ya ce a'a, surutu zai yi yawa, kifi zai ji. Ya sa baƙaƙen kaya, ya shafa laka a fuska, ya hana ni kunna ko wayata. Muna sanɗa a bakin gulbi bayan Isha'i, sai haske ya dalle mu ta ko'ina, na ji an ɗana bindiga.

"Ku tsaya nan! Su wane ne?"

Ni tuni na ɗaga hannuwa sama. Garba kuwa cewa ya yi, "Kai, kashe hitilag ga! Kana kore man kihi!"

Suka zazzage jakarsa. Ga zare, ga wuƙa, ga igiya, ga gwangwanin karfasa. Ƙugiya ko ɗaya babu. Babbansu, wani ƙato, ya ce, "Masunci ba ƙugiya, da baƙin kaya da laka ga huska? Ku masu kai rahoto ne." Wallahi a lokacin na fara kalmar shahada, don na san abin da ake yi wa wanda aka yi wa wannan zargi. Ƙaton ya ce bari ya ga fuskar munafukin, ya kai hannu ya cafke hular Garba. Sai ihu! Ashe a jikin hular Garba ya soke ƙugiyoyin duka don kada ya manta, ya kuma manta.

Garba ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe na taho da su."

A shagon mai magani muka ƙare daren, ana zare ƙugiya huɗu daga tafin ƙaton nan, yaransa suna dariya har da riƙe ciki. Garba na tsaye a kansa yana cewa a bi sannu kada a lanƙwasa masa su. Iyakar sanina, wannan bawan Allah shi ne abu mafi girma da Garba ya taɓa kamawa. Giwan ruwa dai, ko ɓawonsa bai taɓa kawowa gida ba.

Daga baya hanyoyi suka lalace gaba ɗaya, ba mai kusantar gulbi da dare. Ƙafafunsa ma suka fara kumbura. Amma duk Asabar da La'asar sai ya haɗa jakarsa tsaf, ya ajiye ta bakin ƙofa, ya zauna kusa da ita har a kira Isha'i, sannan ya mayar ɗaki. Wata rana na ce masa, "Kai tsohon banza, wa kake ruɗi? Ina za ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Labbo, lahiya za ta dawo ƙasag ga. Ban son ranar ta iske ni ban shirya ba."

Bai ga ranar ba. Da daminar bara muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙan Garba, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bari, Allah Ya nuna mana zaman lafiyar da ya zauna jira.