Fakin Iri Biyu

"Mama, kina da mota ne?" in ji injiniyar, tana riƙe da sandar da take nuna zane a jikin allo.

Na ce, "Ina na ga mota? Kasko gare ni."

Duk ajin ya fashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Tambaya na yi mai sauƙi: wace rana ake so mu yi fakin, in san inda zan kai teburina da murhuna.

Ga yadda aka yi. A bakin hanyarmu, kafin ka gangara unguwar Narayi, akwai ɗan fili da bishiyar dogonyaro. Nan nake suyar ƙosai da dankali tun autana yana goye, yanzu shi ma yana da 'ya'ya uku. Mu biyar ne mata a wurin. Sai wani Alhaji ya sayi kangon da ke bayanmu, aka ce bene zai yi, hawa goma sha biyu, gidan haya kan gidan haya. Muka ce Allah ya ba da sa'a, masu bene ma suna cin ƙosai.

Wata Laraba aka liƙa takarda a jikin kwanon da aka kewaye kangon da shi. Sama Turanci, ƙasa Hausa. A cikinmu ni ce mai karatu, don na zauna ajin manya na matan coci bayan maigidana ya rasu. Na sa yatsa na bi layi layi. Ana kiran mutanen unguwa taro ranar Asabar a makarantar firamare, kan maganar fakin.

To mu a nan, in mai gidan haya ya ce ka yi fakin, ka san me yake nufi: tattara komatsanka ka fita. Haka na gaya wa matan. Mai gasa masara, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ba ta jira Asabar ba. Ta ce ba za ta tsaya a watsar mata da kaya a titi ba. Washegari ta loda a keke ta koma Romi wajen 'yarta. Daga baya na aika mata ta dawo, ta ce ta riga ta kafa teburi can. Wannan har yau yana ci mini rai, don bakina ne ya kore ta.

A wajen taron maza ne suka cika benci. Wani dattijon cocinmu ya ce layin nan ko yanzu mota biyu ba sa wucewa, balle an ƙara mutanen bene. Makaniken Ibo da ke da gareji a kwana, Oga muke ce masa, yana ta faɗa wai za a toshe masa ƙofa. Injiniyar da Alhaji ya turo, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana ba kowa amsa a hankali, gumi na zubo mata. Ni ban gane me ya kawo mota cikin zancen ba, shi ya sa na tashi na yi tambayata.

Oga ya juyo yana share hawayen dariya. "Mama, ba naki fakin ba. Na mota. Wurin da mota yana kwana. Ke zauna, soya abinki."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma tunda na riga na tashi, sai na ƙarasa gaban allon. Na ce, "'Yata, nuna mini hanya." Ta nuna. "Ina dogonyaro?" Ta ɗora sanda a wani wuri da aka zana ƙananan akwatuna a jere kamar kwalin ashana.

"Waɗannan fa?"

"Motoci ne, Mama. Filin yana cikin takardar Alhaji."

Na ce, "To ku rufe bakinku. In mota za ta yi fakin a nan, ni ma fakin zan yi."

Injiniyar ta ce wallahi da suka zo awo ba su ga kowa a filin ba. Na ce wace rana? Ta ce Lahadi da safe, don su guje wa cunkoso.

Dattijon ya ce, "Lahadi da safe, a wannan gefen kogi? 'Yata, ko akuya tana coci."

Ba ta yi musu ba. Ran Litinin da la'asar sai ga ta, ta zauna a bencina, ta ci ƙosai da yaji har tana tari. Ta ga ma'aikata masu dawowa, ta ga leburorin ginin nasu ma a layi. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, na kuwa so ta don haka. Mako biyu shiru, har na fara tambayar wuri a Mahuta wajen ƙanwar mijina.

Sai ta dawo da Alhajin kansa, gajere mai fara'a.

Ya ce, "Mama, ke ce kika hana motocina wurin kwana?"

Na ce, "Alhaji, motocinka ba su da jikoki."

Ya yi dariya, ya ce an bar mana wurin mota huɗu a jikin katanga, amma bishiya dole ta tafi, don nan ƙofa za ta zauna. Na roƙa, ya ce wannan ba zai yiwu ba. Injiniyar ta ja tef ɗin awo, ta shata mana layi da jan fenti.

Ran Alhamis suka sare dogonyaron. Na ja teburina cikin layin, na hura wuta, rana na dukan ƙeyata.