Malam Kashim da Irin Geron Falta

A duk ƙauyukan da ke kewaye da Tsanyawa, mutum ɗaya ne bai taɓa yin kuskure ba, wato Malam Kashim. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Yana yaro ya karya garmar babansa, bincikensa ya nuna maƙerin ne bai iya aiki ba. Da ya girma ya shiga fataucin wake zuwa Dawanau ya karye, laifin ya rabu tsakanin direba da ƙwari da gwamnati.

Ba wai zuciyarsa ba ta yi masa faɗa ba ne. Tana yi, sosai ma. Sai dai akwai wani Kashim ɗin a cikinsa, mai babbar riga, wanda da ta buɗe baki zai daka mata tsawa ta koma ta zauna.

Bana ya dubi sama, ya ce wa ƙanwarsa Falta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta sa yaran su yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwa na nan tafe. Irin geron da ya rage mata ke nan. Ta bi maganar yayanta. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus.

Wannan karon tsawar ba ta yi aiki ba. Abin ya tsaya masa a rai, kunya ta ishe shi. Da ruwan gaske ya sauka, ya ɗebi irin geronsa a buhu ya ɗaure a bayan keke, yana ta bitar "Falta, ni na cuce ki" har gidanta.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Falta. "Kada ka sa komai a ranka, haka Allah ya ƙaddara."

Wani sanyi ya ratsa shi. "To, ai shi ne! Kuma da kun zurfafa ramin yadda na ce, da ba haka ba."

Bai taɓa cewa ba, amma yana faɗa ya tuna sarai ya ce.

"Haka ne, Yaya." Ta dubi bayan keken. "Wannan buhun fa?"

Malam Kashim ya waiwayi buhun. In ya miƙa mata, ai ya amsa laifi ke nan.

"Niƙa zan kai," ya ce.

Ya kuwa kai shi inji aka niƙe, don kada a ce ya yi ƙarya.