Alassani, Maƙerin Bindiga na Didaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha uku ga watan Rajab na shekarar 1357, daidai da takwas ga Satumba 1938, Allah ya karɓi ran Alassani ɗan Karimu, maƙerin bindiga na unguwar Didaure a Sokode. Labarin bai iso ni a Dapaong ba sai bayan an yi sadakar bakwai, don ruwan damina ya cinye hanyar Mango. Wani falke mai goro ne ya faɗa a rumfar mahauta, yana cikin lissafa waɗanda suka rasu a kudu. Ya ambaci sunanka, Alassani, ya wuce zuwa na wani. Na tashi na koma gida, ban ɗauki naman da na je saye ba.

Alassani, tun muna samari na san ka, lokacin da nake kai fatun namun dawa kasuwar Sokode. Kai kana kirana Baushe, laƙabin manyan maharba, tun ban cancanci sunan ba, ni ina kiranka Maƙeri. Na sha wuni a maƙerarka ina kallon aiki. Itacen maɗobiya kake zaɓa don ƙota, kuma ba ka sassaƙa shi sai ka auna kafaɗar mai bindigar da tsawon hannunsa. In ka gama, ka ɗura mata albarushi ninkin ƙa'ida, ka ɗaure ta a kututture bayan gari, ka ja kunama da igiya daga nesa. In ta jure, ka sake ɗurawa ka harba a kafaɗarka. Babu bindigar da ta bar hannunka wadda fuskarka ba ta fara kusanta ba. Ka ce in za ta ci mutum, gara ta ci wanda ya ƙera ta.

Da na auri Zenabu na koma arewa, tafiya ta raba mu. A nan Dapaong ne tsohuwar bindigar da na gada wurin kawuna ta fashe a hannuna, ina bin gwanki a dajin Naki. Ta tafi da yatsuna na dama, babban ne kaɗai ya tsira. Ciwon ya warke, amma ni ban warke ba. Na shige ɗaki na zauna. Matata ta koma sayar da ƙosai don a ci, ni kuwa ko masallaci sai na ɓoye hannu cikin riga.

Ban aika maka ba, ban kuma san wanda ya gaya maka ba. Wata ranar kasuwa, da hantsi, sai na ji sallamarka a ƙofar gida. Ka biyo ayarin jakuna tun daga Sokode a ƙafa, da masaba da awartaki da zugazugi a buhu, ƙafafunka duk sun faffashe. Ba ka yi mini jaje mai tsawo ba. Ka kama hannun ka juya shi, ka duba kamar yadda kake duba ƙarfe, sa'an nan ka ce, "Baushe, miƙo ɗayan."

Na ce, "Maƙeri, wa ya taɓa farauta da hagu?"

Ka ce, "Ɓauna ba ta tambayar hannun da ya harbe ta."

Ranin nan duka a gidana ka yi shi, maƙerarka tana rufe a Didaure, masu aiki suna zuwa suna komawa. Ka roƙi wani maƙerin garma Bamoba, ɗan ƙabilar ƙasar nan, ya ba ka gefe a rumfarsa, ba ka jin harshensa, ba ya jin naka, kuna aiki da nuni. Ka sassaƙa ƙota mai zama a kafaɗar hagu. Ka mai da kunnen bindigar da ƙanƙararta mai ƙyasta wuta ɗaya gefen, don kada tartsatsi ya same ni a ido. Ka yi wata 'yar ƙugiya a ƙasan ƙota inda ragowar hannuna zai maƙale. Daga nan kullum da safe mu fita fako, ka kafa ɓawon ƙwarya a kan suri, in harba in kuskure. Kai ke ɗurawa, kai ke goge bakin da tsumma da man kaɗanya. Ran da na jefar da ita ƙasa don haushi, ka ɗauka, ka hure ƙasar, ka sake ɗurawa, ka miƙo mini.

Kafin ruwan farko, manoman Gando suka aiko neman maharbi, wata ɓauna mai rauni ta hana su zuwa fadama, har ta kashe mutum guda. Na so in ƙi. Ka ce za ka raka ni. Sai da muka shiga ciyawa na lura ba ka riƙe komai ba sai gorar albarushi. Da ta taso mana, kana tsaye a bayana, ba ka ja da baya ko taki ɗaya ba. Harbi guda irin bindigarmu take da shi, kai ka fi kowa sani. Allah ya taimake ni ta faɗi. Da naman nan na sake ciyar da gidana, washegari kuma ka ɗaure buhunka ka kama hanya.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi maka sauƙi ba. Kumandan, Baturen mulki, ya tsananta kan permi, takardar izinin riƙe bindiga, albarushi ya yi wuya, aiki ya koma gyaran fartanya da makulli. Salamata, uwargidanka, ta riga ka gidan gaskiya. Ƙarar gwajin bindigogi ta cinye jinka. Zuwana na ƙarshe, bara da kaka, na tarar da kai kai kaɗai a maƙera, wuta a mace, kana goge wata bindiga da mai ita ya daɗe da rasuwa. Na yi ta ba ka labari kana murmushi, sai can na gane ba ka jin ko kalma. Na bar labarin. Muka zauna haka har la'asar, muka yi salla tare.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Alassani, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya tsare bayinka daga cutar ƙarfensa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarsa Shetu da 'ya'yanta, da ƙanwarsa Adiza, da maƙeran Didaure baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashi. In kun zauna karɓar gaisuwa ranar arba'in, ku lissafa da ni cikin masu karɓa. A nan Dapaong mutane kaɗan ne suka tuna da shi, har yau ba wanda ya shigo ya ce mini sannu da haƙuri.

Garuba Baushe, Zangon Dapaong