Kaset ɗin Goggo

Har yanzu ina da kaset-kaset cike da wata tsohuwar kwalla, kuma na daɗe ina ɗaukar kaina gwanin gyaransu a Batsari. Ba na barinsu a rana. Duk wata nakan zura biro in ɗame zaren, in goge kan rediyo da auduga da ɗan turare. Babu wanda ya koya mini, ni na naɗa kaina.

Bara ƙanwar mahaifina ta zo daga Runka a bayan babur, da kaset ƙulle a bakin zane. Muryar marigayi mijinta ce, saƙon da ya aiko mata tun yana fatauci a kudu. Zaren ya tsinke.

Na ce, "Goggo, kin kawo shi inda ya dace."

Na sa tabarau, na kwance kaset ɗin, na liƙa zaren da jan farcen matata, na hura masa iska ya bushe. Muka kunna. Marigayi ya yi sallama tangaram, ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar awaki. Daga wurin gyarana sai muryar ta koma kamar ta mai magana cikin tulu, ashe a birkice na haɗa zaren.

Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Bar shi haka, ɗan nan. Ko da ransa, in ya fara dogon bayani ba ganewa nake ba."

Na miƙa hannu in sake gwadawa, sai ta riga ni ɗauka, ta ce in je in tsayar mata da motar Safana mai bi ta Runka.