Yis ɗin waina ya kusa raba ni da masauki

Ina cikin girgiza gora a kicin, kumfa na tasowa, sai ga Alhaji Sani, dattijon gidanmu na haya da ke unguwar Hor Al Anz a ƙasar Larabawa, ya toshe hanci.

"Kai Nura! Burukutu kake haɗa mana? Khalas, magana ta ƙare, tattara kayanka!"

Na ce, "Haba Baba Alhaji, yis ne na ƙullun waina. Sai ya sha ruwan ɗumi da sukari, an girgiza iska ta shige shi, sannan yake tashi."

Ya leƙa gorar, sannan ya ce:

"Waina? Da miyar taushe?"

Da safe shi ya riga kowa miƙo faranti, har yana cewa in ƙara girgizawa da kyau.

Jama'a, wa kwaɗayin abincin gida ya taɓa ja wa sharri a ƙasar mutane?