Ɗan akuyar da ya ɓace a littafi biyu

Tun ranar da Ummi ta ɓace a hanyar dawowa daga Islamiyya, ba ta ƙara taka bakin zaure ba. Shekararta bakwai. Ta bi wasu yara masu kallon biri har Ƙofar 'Yandaka, sai bayan magariba wani ɗan acaba ya kawo ta, Allah ya saka masa. Yanzu ko aike na ce ta je shagon maƙwabta, sai ta riƙe mini zane ta ƙi saki. Ni kuma ina dawowa daga aikatau a GRA, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ba ni da ƙarfin rarrashi mai tsawo.

Malamarsu ta aiko mata da littafin hotuna. Hajiyar da nake wa aiki ma da ta ji labari ta ba ni wani, na jikokinta. Da na buɗe su sai na ga labari ɗaya ne: ɗan akuya ya bar uwarsa ya ɓace. Ni da girmana na koyi karatu, a ajin manya, har yau da yatsa nake bin layi, don haka na daɗe a kansu. Na Malama takardarsa sirara ce, zanen baƙi da fari, kura ta cika shafin ƙarshe da haƙora, a ƙasa an rubuta gargaɗi ga yaro marar jin magana. Na Hajiya mai sheƙi ne, launi ko'ina, babu kura ko ɗaya. Uwar ta bi sawu ta samo ɗanta, ta lashe masa kai, shi ke nan, ko faɗa ba ta yi ba. Ɗaya ya cika tsoratarwa, ɗayan kuma kamar duniya ba ta da haƙori. Na ajiye su a cinya, sai Kaka Dije ta faɗo mini a rai.

A Batagarawa muka tashi a hannunta, ni da yayana Sani. Da damina, in an kwashe tuwo, ba ta barin garwashin murhu ya mutu a banza. Sai ta jera masara a kai, mu kewaye ta, hayaƙi yana korar sauro. Ba ta fara tatsuniya sai ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Mukan ƙosa. Sani ya ce, "Kaka, ki fara mana!" Ta ce, "Kai maigidan banza, ko cefane ba ka kawo ba, kana ba ni umarni?"

Ita ma tana da nata ɗan akuyar. Uwarsa ta ce kada ya wuce bakin gona, shi kuwa ya ga ciyawa mai laushi, ya ci, ya hango wata a gaba ta fi ta kore, ya bi, har rana ta faɗi bai san hanyar gida ba. Ya tambayi kurciya, ta ce ita sama take bi. Ya tambayi kunkuru, ya ce kafin ya nuna masa hanya an yi girbi. Sai ya ji motsi a bayan geza.

A nan Kaka takan tsaya ta juya masara. Ranar da Sani ya saci jiki ya tafi wanka rafi alhali ruwa ya kawo, motsin nan kura ce, kuma ba ta bar ko kofato ba. Sani bai iya cin masararsa ba. Bayan 'yan kwanaki aka tafi da mahaifiyarmu asibiti a Katsina, na yini ina kuka a bayan rumbu. Da yamma Kaka ta ɗauko labarin nan dai. Da aka zo wurin motsin na toshe kunnuwa. Ta janye hannuna, ta ce uwar ce, ta biyo ƙanshin ɗanta tun daga gida.

Na ce, "Kaka, ai rannan kura ta cinye shi!"

Ta ce, "Rannan Sani na gabana. Yau ke ce. Ci masararki, ɗiyata, kar ta huce."

A lokacin na ɗauka tsufa ne ya sa ta manta. Sai da na zauna da littattafan nan biyu a cinya, gajiya ta danne mini kafaɗu, na gane abin da take nema a fuskokinmu. Waɗanda suka zana su sun yi ƙoƙari, ba na raina aikinsu. Amma an riga an buga ƙarshen tun kafin a san wane yaro zai buɗe. Littafi ba ya ɗaga kai ya dubi mai saurare.

Ummi ta riga ta leƙa duka biyun, don hoto ba ya jiran wanda ya iya karatu. Ta matso ta kwanta a jikina, ta ce, "Umma, wanne ne na gaskiya?"

Na so in ce duka, don in huta. Sai na dube ta yadda Kaka take yi. Idanunta sun faɗa, tana ta murɗa bakin hijabinta.

Na ce, "Uwar ta same shi. Ko ina ya shiga, sai ta same shi."

"Ko Ƙofar 'Yandaka?"

"Ko bayan Ƙofar 'Yandaka."

Ta rungume littafin Hajiya. Da safe ta raka ni har bakin zaure, ta leƙa waje, ta koma. Ba ta kai shago ba, amma na gode wa Allah.

Mai kurar ban mayar wa Malama ba tukuna. Na ɗora shi saman kwaba. Ƙanenta Abba ya fara tsallaka titi shi kaɗai yana dariya, kuma na san ranarsa tana zuwa.