Cinyar Rago Mai Sunan Aro

A cikin 'yan Nijar mazauna Lyon, idan aka ce Sarkin Wuta, kowa ya san Malam Moutari ake nufi. Babu wanda ya naɗa masa rawani. Sarautar ta samo asali ne daga wani rabin duro da yake gasa naman layya a kai kowace shekara, a taron da ƙungiyarsu take yi ran Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar sallah. Amma shi da gaske ya ɗauke ta, har a wayarsa haka ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa.

Ɗan Damagaram ne, tashin unguwar Birni. A can, idan an feɗe raguna, ana baje su a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wuta, su yini suna ɗigar kitse har rana ta faɗi. Wani ya iya yanka, wani ya iya fiɗa. Moutari wuta ya iya. Da bayan hannu yake auna zafinta, ya ce a ja wannan rago baya, a matso da wancan, kuma manya suna bin maganarsa tun bai fara gemu ba.

Karatun duwatsu ne ya kawo shi Faransa. Karatun ya tsaya a hanya, shi bai tsaya ba. Ya yi shekaru a Rungis, babbar kasuwar sarin abinci ta gefen Paris, yana tura akwatunan karas da albasa cikin sanyi. Da ya auri Rauda sai suka koma Lyon, ya kama tuƙin motar raba kaya, suka zauna a wani dogon bene a unguwar Minguettes. Sau ɗaya ya gwada hura gawayi a barandar benen. Kafin naman ya yi ja, 'yan kashe gobara sun iso da jiniya, maƙwabta suna leƙe ta kowace taga. Tun daga ranar ba shi da wani buri da ya wuce gida mai fili a baya.

Bara ya samu, a Vénissieux, nan gefen Lyon. Filin bai fi a shimfiɗa 'yan tabarmi ba, amma ƙasa ce, kuma sama tana buɗe. Wata bai cika ba sai ga wata baƙar na'ura an sauke a ƙofar gidan, mai murfi da bututun hayaƙi da ƙafafu huɗu. Ba ta cin gawayi, ba ta cin icce. Wasu 'yan dunƙulen garin katako take ci, waɗanda Rauda ta ce ba su da maraba da kashin zomo. Ana zuba su a wani akwati a gefe, ita da kanta take jan su kaɗan-kaɗan zuwa ga wutar. Sai an haɗa ta da lantarki take kamawa. Tana kuma aika wa mai ita saƙo a waya, ta faɗa masa zafin da naman ya kai.

"Wutar da sai an saka ta a bango," in ji Rauda, "idan aka ɗauke lantarkin fa?"

"Nan Faransa ce," ya ce, ya ci gaba da shafa murfin.

A waya ya ga aikin da ya ɗauke masa hankali. Wani Ba'amurke mai gemu har ƙirji ya ɗora wata ƙatuwar cinya a irin na'urar, ya bar ta cikin hayaƙi tun safe, yana shafa mata zuma, har ta fito jajir tana ƙyalli. Da Moutari ya gane dabbar da aka ciro cinyar daga jikinta, ya ce a'uzubillahi. Da ya sake duban launin, ya ce masha Allahu. Ya yanke shawara a ransa: abin da aka yi wa waccan dabba, za a yi wa rago.

Ya gwada sau da dama har hannunsa ya faɗa. Ana jiƙa cinyar cikin ruwan gishiri da tafarnuwa da kanumfari, ta kwana biyu a firijo. A tsattsaga bayanta da wuƙa kamar zanen tabarma. A sa mata wuta ƙasa-ƙasa, hayaƙi ya yi ta ratsa ta. Can wajen ƙarshe a dama zuma da tsamiya da yaji, a riƙa shafawa har ta kama. Rauda da 'yarsu Mardiya sun ci, sun shaida. Matsalar ba daga naman ta taso ba.

Da sallah ta matso, Moutari ya rubuta a zauren ƙungiya na waya: "Bana babu rabin duro. Sarkin Wuta yana gayyatar kowa gidansa, za a ci jambon fumé mai zuma."

Rauda ta gani kafin ya aika.

"Baban Mardiya, ka ce cinyar rago mana."

"Cinyar rago kowace tasha ana gasa ta. Wannan jambon ne."

"Jambon ai naman alade ne."

"Mais non. Jambe ƙafa ce, jambon abin da aka yi da ƙafa. Ba ki ganin jambon na talotalo a kantin halal? Ba shi Mardiya take sawa cikin burodi ba?"

"Wannan an rubuta talotalo da manyan baƙaƙe, ga tambarin halal a gefe. Kai me ka rubuta?"

"Wanda ya san ni ya san abin da zan gasa."

Ya aika.

Zauren da ba ya shiru ko da ana sallar asuba ya yi tsit. Can sai wani ya rubuta innalillahi, bai ƙara komai ba. Wani ya turo hoton fuska mai buɗe baki. Kafin la'asar labari ya riga jirgin ƙasa isa Paris, kuma a hanya ya yi ƙiba: a can aka ji cewa Moutari ya buɗe kantin naman alade da wani Bature.

Yayarsa, Hajiya Baraka, mai sayar da atamfa da turaren wuta a unguwar Château-Rouge ta Paris, ta kira shi. Macen da takan tambayi lafiyar kowa har kyanwar maƙwabta, ran nan ta tsallake gajiya, ta tsallake iyali.

"Moutari, me nake ji?"

"Yaya, ina wuni tukuna."

"Da ban wuni ba za ka ji ni? Mu da muka haɗa kuɗin jirginka ka zo ka karanta dutse, dutsen ba mu gani ba, sai alade?"

"Rago ne, Yaya. Suna ne kawai na Faransanci."

"To ragon ba shi da suna a gidanku?"

Ta kashe wayar.

Washegarin sallah Alhaji Siddiq, shugaban ƙungiya, ya zo da kansa. Dattijo ne mai aika tsofaffin motoci zuwa Kwatano, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a ce a zamaninsa aka yi ta. Da shi da wasu mutum uku sun karɓo ragunansu daga mayanka, ya kawo cinyoyin cikin leda kamar yadda aka saba.

"Malam Moutari, da hannuna na kawo naman nan, na san rago ne. Amma jama'a ba nama suka ji ba, suna suka ji. Ka shiga zauren ka janye kalmar."

"Alhaji, in na janye, ai na amsa laifin da ban yi ba ke nan."

"To ka saurara. Yaran nan na jami'a, 'yan Villeurbanne, sun daɗe suna cewa a daina wahalar wuta, a riƙa yo abinci daga gidan Turkawa. Ni nake tare su. Ran Asabar za a zo gidanka. In mutane suka ƙi ci, ba ni da bakin magana. Wuta ta bar hannunka."

Moutari ya raka shi har mota, ya dawo ya zuba cinyoyin cikin ruwan gishiri. Bai janye komai ba.

Ran Asabar tun hantsi hayaƙi yake fita daga bututun, siriri, shuɗi-shuɗi. Mutumin da a da yake auna wuta da bayan hannu yana zaune a kujerar roba da waya a tafinsa, yana kallon lamba tana hawa. Idan Rauda ta matso kusa da murfin sai ya daka tsawa, wai buɗewa ɗaya tana mayar da aiki baya.

Bayan azahar baƙi suka fara shigowa. Sun zo da yawa, fiye da kowace shekara, domin babu wanda yake so a ba shi labari. Suka jeru a jikin katanga, nesa da na'urar gwargwadon yadda filin ya bari, wato taku kaɗan. Hajiya Baraka ta iso daga Paris da jirgin safe, da ƙullin dambun nama a jakarta, don kada yunwa ta sa ta saɓa wa Allah. Ƙamshi kuwa bai san ana rigima ba. Ya bi layi yana shiga hancin kowa, har wani dattijo ya haɗiyi yawu ya bi da istigfari.

Moutari ya yi shafar zuma ta ƙarshe, ya jira, sannan ya ɗaga murfin da hannu biyu. Cinyoyin sun yi ja mai duhu, suna sheƙi, zumar ta daskare a tsagogin. Ya ɗora ɗaya a faranti ya yanka. A nan ne abin ya ƙara ɓaci. Gishiri da hayaƙi sun sa cikin naman ya yi ruwan hoda, sak irin wanda ake jerawa a tagogin kantunan Turawa lokacin Kirsimeti.

Babu wanda ya miƙa hannu.

Wani ɗalibi mai neman digirin dokta ya fara bayanin abin da hayaƙi yake yi wa launin nama. Wani ya ce suna ba ya haramta abinci. Wani dattijo ya ce to kamannin fa? Aka raba gida biyu, ana jawo hujja da Hausa ana ƙarasa ta da Faransanci, naman yana hucewa. A can baya Moutari ya hango wani saurayi ya fito da waya yana neman lambar Turkawa. Shekarun da ya yi a Faransa, takardar duwatsu ba ta samu ba, albasar Rungis ba ta san sunansa ba. Wutar nan kaɗai ce ake kiransa da ita.

Hajiya Baraka ta ratso mutane. Ta duƙa a kan farantin, ta juya ƙashin da yatsa, ta shinshina.

"Wannan ai banda ce," ta ce. "Abin da Inna take yi da ragowar naman layya a bisa murhu, don kada ya lalace. Kai dai ka ɓata ta da zuma."

Alhaji Siddiq, wanda tun ɗazu yake neman ƙofar fita, ya ga ta buɗe.

"Malam Moutari, jama'a suna saurare. Mene ne sunan naman nan?"

Moutari ya dubi na'urarsa. Banda! Baƙin kifin da ake tarawa a tire a bakin kasuwa, ƙudaje suna bi. Naman da tsofaffi suke ɓoyewa a tukunya. Don wannan ya sayi abin da yake magana da waya? Ya dubi Rauda, ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ya dubi saurayin nan, ya ga har ya kai wayar kunne.

"Banda ce, Alhaji."

"A ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Banda ce!"

"To madalla. Suna ya raɗu."

"Allah ya raya!" wani ya faɗa daga baya, aka fashe da dariya.

"Ba za ta rayu ba," in ji Alhaji, ya naɗe hannun riga. "Bismillah."

Dattijon da ya yi maganar kamanni shi ya fara kai loma ta biyu. Saurayin ya mayar da wayarsa aljihu don ya sami hannu biyu. Hajiya Baraka ta ci tana cewa zumar ta yi yawa, ta ƙara tana cewa gishirin ya yi kaɗan, dambun kuwa a jaka ya koma Paris yadda ya zo. Moutari yana ta yanka yana miƙawa, bai ankara ba sai ƙasusuwa. Kowa ya ci banda, banda Sarkin Wuta. Kafin a watse Alhaji ya sanar cewa baɗi ma nan za a zo, kuma babu wanda ya ambaci Turkawa.

Ana tattara faranti sai maƙwabcinsu Yanis, wanda Rauda ta miƙa wa yanka biyu ta saman katanga, ya leƙo yana lasar yatsa, ya tambayi sunan abin.

"Banda," Moutari ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Le banda," in ji Yanis, ya ja farkon kalmar ta hanci irin na Faransawa. Ya ce bai taɓa ganinsa a wani kanti a Lyon ba, kuma lalle abin manya ne.

Moutari ya tsaya da faranti a hannu. Ya maimaita kalmar a hankali, yadda Yanis ya faɗe ta. Da yamma Rauda ta ga rubutun ƙarƙashin hotonsa ya ƙara tsawo: Sarkin Wuta, spécialiste du banda. Sai ta aike shi ya wanke na'urar.